Hayaƙin Murhun Mama Chibuike

Lome, Togo
8 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Kawuna Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ciki, yaya gwiwa, yaya mutanen Makera baki ɗaya? Ni lafiyata ƙalau, sai dai harshena ya gaji. Daga safe har yamma Faransanci, ko mai tumatir a kasuwa ba ta raga mini.

Kawu, sau uku ina kiranka a waya, sau uku kana ce mini "amin, amin", alhali tambayarka nake ko ka ci abinci. Injinan masaƙa sun tafi da kunnenka na dama, na hagun kuma ya ƙi shiri da waya. Shi ya sa na koma takarda. Anti Celina mai atamfa tana zuwa sari nan duk bayan mako uku, ta ce za ta riƙa kai mana tana kawowa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. A wannan zangon ana koya mana rayuwar wani marubucin gajerun labarai na ƙasar Faransa. Sunansa zai karya maka haƙori, mu ma a aji Mai Gashin Baki muke ce masa, don in ka ga hotonsa gashin bakin za ka fara gaisarwa. A arewacin ƙasarsu aka haife shi, kusa da teku, shekara ɗari da saba'in da 'yan kai da suka wuce. Ya je yaƙi yana saurayi, ya dawo ya zama akawu a ma'aikatar sojan ruwa, aikin da ya tsana kamar me. Ranar Lahadi sai ya gudu kogi ya yi ta tuƙa kwale-kwale. Wani dattijon marubuci, aminin gidansu, shi ya riƙe shi. Wajen shekara bakwai yana kai masa rubutu, dattijon na gyarawa yana cewa da saura, kada ka yi gaggawar fitarwa. Da aka sake shi kuwa, cikin shekara goma ya rubuta labarai wajen ɗari uku. Kuma ba na sarakuna ba ne. Na manoma ne da akawuna da sojoji da masu kanti, mutane irin na layinmu.

Babban abin da dattijon ya koya masa shi ne kallo. Wai ka tsaya kan mutum ɗaya ka yi ta dubansa, har sai ka gano abin da ya raba shi da kowa, yadda in ka kwatanta shi ba wanda zai ɗauke shi a matsayin wani.

To malamarmu ta ce kowa ya kawo bayanin mutum ɗaya daga garinsu, wanda aka kalla kwana bakwai, mu juya shi zuwa Faransanci mu karanta a aji. Ni ina nan, Makera tana can. Kawu, ara mini idanunka mana! Ka zaɓi wanda ka ga dama, ka kalle shi mako guda, ka rubuto mini abin da ka gani. Kai ne kullum kake cika baki cewa babu mai ido irin naka a kudancin kogi. Ga fili ga mai doki.

Ga man zafi nan na haɗo maka saboda gwiwa.

Taka 'ya,
Hephzibah


Makera, Kaduna
29 ga Satumba, 2024

Zuwa ga 'yata Hephzibah,

Takardarki ta iso, man zafi ma ya iso, Allah ya yi miki albarka. Gwiwa da sauƙi. Ciki yana nan yadda kika san shi, shi da barkono ba sa ga maciji. Ruwa ya yi yawa bana, kogi ya cika har mutane na zuwa gada kallo. Ɗana Nathan ya bugo daga Abuja, shi ma na ce masa amin.

Wannan Baturen naki na yarda da shi. Shekara bakwai a hannun maigida kafin a yaye shi, ai ɗan halak ne, haka kanikawan Kakuri ke yi. Amma batun kallo, ki ce wa malamarku ta zo ta ɗauki darasi. Shekara ashirin da shida na yi ina duba yadi a masaƙa. Yadi na gudu a gabana kamar ruwa, zare ɗaya ya tsinke sai na ɗaga hannu a tsayar da inji. Har aka rufe masaƙar ba a taɓa dawo da bandir ɗaya da ya bi ta gabana ba.

Mama Chibuike mai ƙosai na zaɓa, don kada in wahalar da gwiwa. Sai dai mai duba yadi ba ya manna hanci a jikin yadi, ja da baya yake yi. Shi ya sa ranar Litinin ban zauna a bencinta da ƙarfe bakwai yadda na saba ba. Tun shida saura na tsallaka titi, na ari kujera wurin Bulus mai faci, na buɗe littafi. Ban gaya mata ba, don mutum in ya san ana kallonsa sai ya gyara zama. Ta ɗago mini hannu, na sunkuyar da kai na ci gaba da rubutu. Ba a gaisawa a bakin aiki.

Ga abin da na gani.

Kafin ta kunna wuta sai ta share gaban shagon maƙwabcinta, sannan ta share nata. Da hannun hagu take buga ƙullu, bakinta na motsi, ina jin waƙar coci ce da harshen Ibo, don haɓarta na bin bugun muciya. Ba ta kallon kasko. Tana iya juya baya tana magana da mai saye, sai ki ga hannunta ya miƙa da kansa ya kwashe ƙosai daidai lokacin da ya yi ja. Akwai tabon ƙuna a wuyan hannunta na dama, kamar ƙwayar gyaɗa biyu a jere. In dariya ta kama ta, da bayan hannun da ke riƙe da matsami take rufe baki, mai ya ɗiga a zaninta, ta kalli wurin ta yi tsaki, an jima kuma ta sake. Yaron makaranta in ya tsaya yana haɗiyar yawu ba ta kallon fuskarsa, sai ta tura ƙosai ɗaya bakin tire kamar faɗuwa ya yi.

Zanin da take ɗaurawa ranar Laraba kuwa, Hephzibah, atamfar masaƙarmu ce! Mai zanen ganyen rogo. Ta koɗe, amma ko zare ɗaya bai zame ba. Wa ya sani, ƙila ta gaban idona ta wuce.

Tunda aikina kama aibi ne, na kama ta da guda biyu. Ashe ta fara zuba attaruhu a ƙullu, har da yawa, gara da na tsallaka. Amma kafin ta zuba, sai ta ɗebi ƙullun a ƙaramin kwano ta soya guda shida dabam, ta rufe da faranti ta ajiye a kan benci. Farantin ya yi kama da wanda take ba ni, amma faranti ai kama da faranti yake. Kwana bakwai tana ajiyewa, wanda take ajiye wa bai zo ba ko sau ɗaya. Wallahi mutane ba su da kirki.

Na biyu ya fi ba ni haushi. Iska kullum gefe ɗaya take kai hayaƙi, ita kuma a can ta dasa kujerarta. Idanunta jawur, tana share hawaye da gefen ɗankwali, ga wuri mai kyau ta bar wa benci. Mace mai hankali haka, a ce ba ta san inda iska ke kaɗawa ba?

Daga ranar Alhamis ta daina ɗago mini hannu. Na ji daɗi, alama ce ta manta ana kallonta. Gobe zan koma bencina, don kunun da matar Bulus ke damawa sai haƙuri.

Naki Kawu,
Ishaya


Lome
20 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Kawuna mai ido,

Ina fata kana lafiya. Na yi ɗan zazzaɓi na kwana biyu, ya wuce, kada ka gaya wa Mama ta tayar da hankalin Kafanchan.

Kawu, ka ci gari! Na juya takardarka na karanta a aji, ko tari babu wanda ya yi. Da na kai wurin man da ke ɗiga a zani, wata 'yar Kwatano ta ce wallahi tana ganin matar a gabanta. Da na gama aka yi ta tafi. Malamarmu ta cire tabarau, ta ce a cikinmu talatin kai kaɗai ka gane abin da dattijon nan ya koya wa Mai Gashin Baki. Sannan ta tambaye ni: "Shekara nawa da aurensu?" Na ce ai ba matarsa ba ce. Ta ce, "To me yake jira?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa sai ga hawaye.

Kawu, tsakani da Allah ba ka gane ba? Ƙosan Mama Chibuike tun fil azal da barkono yake. Shekara shida na yi a gidanka ina sakandare, ina saye ina hura baki. Kai kaɗai ne a duk Makera kake cin marar yaji. Ƙosai shida a rufe a kan benci, guda nawa kake ci kullum? Marar kirkin da bai zo ba yana tsallaken titi da littafi a hannu.

Batun hayaƙi kuma ni shaida ce. Da can inda bencin yake yanzu, nan take zama, babu ma benci. Bayan rasuwar matarka Mama Nathan ka fara fitowa da safe kana zama kan dutse a gefen hayaƙi, kana tari, ga mataccen kunnenka ne wajenta, tana magana kana kallon titi. Ba a yi mako biyu ba ta sa kafinta ya yi benci, ta ba ka wurinta, ta koma cikin hayaƙin. Tun daga ranar kunnenka na hagu ke fuskantarta. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ta san inda iska ke kaɗawa sarai.

Bari in ba ka wani labari da ake bayarwa kan Mai Gashin Baki. An gina wata doguwar hasumiyar ƙarfe a babban birninsu, shi kuma ya tsane ta. Amma wai a cikinta yake yawan cin abincin rana. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce nan ne kaɗai a duk birnin ba ya hango ta. Ko gaskiya ne ko ƙari, oho. Ni dai na ga kamar kai ma zama a gindin abu ne ya hana ka ganinsa.

Abu ɗaya ne ba na so a labaransa. Mutanensa kan gane gaskiya ne bayan ta wuce su, ka rufe littafi zuciyarka na zafi. Kawu, kada ka shiga layinsu.

Ka gaishe mini da ita. Ka ce 'yar da ke cewa a ƙara mata ƙonanne.

Taka,
Hephzibah


Makera
10 ga Nuwamba, 2024

Hephzibah,

Ina lafiya. Na ga takardarki.

Ke yarinya, ki iya bakinki. Shekarata sittin da huɗu, dattijo ne ni a coci, da jikoki biyu. An tura ki karatu ko an tura ki dalilin aure? Ita ma malamar taku ta mayar da tabaraunta.

Tunda kin iya fassara, fassara mini wannan. Ranar da na koma, babu benci. Na ce ina benci, ta ce yana wurin kafinta, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ƙunsa mini ƙosai a takarda kamar baƙon da ya sauka daga mota. Na kai baki, barkono! Don kada in ba da kaina na cinye a tsaye. Kwana biyu ina riƙe da ciki.

Bulus ne ya warware mini. Wai duk layi an ɗauka cewa duba-gari ne suka ba ni aikin rubuta sunayen masu sana'a a bakin titi don a tashe su. Wa zai ga laifinsu? Mutum ya bar bencin da ya saba, ya zauna tsallake yana leƙe yana rubutu, a gaishe shi ya sunkuyar da kai. Wai ta ce da wani ne da ba ta damu ba, amma Baba Nathan? Matar Bulus ta ce ta gan ta tana kuka, kuma ba na hayaƙi ba.

Kin san shekara uku ɗanta Chibuike na roƙonta ta bar suya ta koma gida Enugu, tana ƙi. To ta amsa masa. Ranar ashirin ga Disamba zai zo da mota ya kwashe ta da kayanta.

Kin ce in gaishe ta. Ta yaya? In na matso sai ta bi ta gefen damana ta yi maganarta, ina ganin baki na motsi, shi ke nan. In ce mata me ma? Wani Bature mai gashin baki da ya mutu tun kafin a haifi kakana shi ya aike ni? Ai sai ta ce na fara taɓuwa.

Ni ba ruwana, ta tafi, ƙasarsu ce. Ƙosai bai ƙare a Kaduna ba. Na gwada na wajen tasha, ba ya ciyuwa.

Jiya Laraba ce a wurina ko da kalanda ta ce Asabar, don ta ɗaura zanin nan mai ganyen rogo. Na tsaya a ƙofar gida ban iya ƙarasawa ba. Hephzibah, raina ba daɗi. Ban san haka zai yi mini ciwo ba.

Kawunki


Lome
1 ga Disamba, 2024

Kawuna,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Ni na jawo, ni na ce a ara mini ido. Yaya cikin? Don Allah kada ka sake cin barkono don nuna jarumta.

Ga takardarka ta farko na mayar maka, da hannunka ka rubuta ta. Ba sai ka yi mata bayanin wani Bature ba. Ka je ka karanta mata kawai, daga shara har hayaƙi. Wace mace ce za ta ji wannan ta ce rahoton duba-gari ne? Duba-gari ya taɓa rubuta yadda mace ke dariya?

Wannan makon muka kai ƙarshen rayuwar Mai Gashin Baki. Ya yi suna, ya sayi jirgin ruwa nasa na kansa, ana karanta shi har ƙasashen waje. Amma wata cuta da ya ɗauka tun yana saurayi ta bi shi. Ta fara da idanunsa, Kawu, idanun nan da ya yi shekaru yana wasawa, sannan ta taɓa hankalinsa. A gidan jinya ya ƙare, yana da shekara arba'in da biyu, bai taɓa aure ba. Na fito daga aji na zauna gindin bishiya ina tunaninka. Shi ba a ba shi lokaci ba. Kai an ba ka sittin da huɗu, ga kwana goma sha tara a kai.

Ka ce kai dattijo ne a coci. To a wace aya aka hana dattijo cin ƙosai da matarsa? Mama Nathan da kanta, Allah ya ji ƙanta, da za a tambaye ta cewa za ta yi, "Ishaya, tashi ka je, ka cika nawa."

Anti Celina za ta dawo kafin sabuwar shekara. Ina jiran amsa.

Taka 'ya,
Hephzibah


Lome
29 ga Disamba, 2024

Kawu,

Barka da Kirsimeti, in barka ce. Lafiya kuwa?

Anti Celina ta iso hannu rabbana. Ta ce ta je gidanka ranar jajibiri ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Wurin Mama Chibuike kuma babu tebur babu kasko, sai duwatsun murhu uku. Bulus ma shagonsa a rufe. Na kira Nathan ba ya ɗauka. Na kira Mama, ta ce, "An hana ni magana, ki jira takarda," ta kashe. Wace irin magana ce ba a faɗa a waya in ba mummuna ba?

Ta tafi ke nan, ko? Kai kuma ina ka shiga? In asibiti aka kai ka a gaya mini, ni ba yarinya ba ce. In kuma fushi kake da ni, ka zage ni a takarda, zan karɓa da hannu biyu.

Malamarmu ta tambaye ni yadda labarin ya ƙare. Na ce mata irin na Mai Gashin Baki. Ban ci abincin kirki ba ranar.

Hephzibah


Makera, Kaduna
19 ga Janairu, 2025

Zuwa ga 'yata Hephzibah, sarkin gaggawa,

Barka da sabuwar shekara. Lafiyata ƙalau, ciki lafiya, gwiwa ce kawai ke ƙorafin doguwar mota. Asibitin me? Ni na hana uwarki magana, don labarin nan ba na waya ba ne, za ta ɓata shi da dariya. Zauna ki ji.

Takardar da kika mayar mini ta yi kwana goma sha biyar a aljihuna. Kullum in fito, in kai bakin kwata, in juya. Sai ranar sha tara ga Disamba, suyarta ta ƙarshe, na ce Ishaya, yau ko a mutu ko a yi rai. Na ɗauki kujerata daga gida na dasa ta cikin hayaƙin, kusa da ita, na buɗe takarda na fara. Kin san kurma ba ya jin muryarsa. Ashe ihu nake yi! Masu saye sun yi layi, 'yan acaɓa sun kashe mashin, Bulus ya tsallako da taya a hannu. Da na kai wurin marar kirkin da bai zo cin ƙosansa ba, wata mata ta zauna a ƙasa don dariya.

Ita kuwa Mama Chibuike ta ajiye matsami tana saurare. Ƙosai ya ƙone a kasko, abin da ban taɓa gani ba. Da na gama ta tashi ta zagayo ta gefen haguna, ta sunkuyo ta ce, "Baba Nathan, shekara goma sha ɗaya. Ido ne a fuskarka ko maɓalli?"

Na ce, "Wa kike ajiye wa ƙosan nan?"

Ta ce, "Wani wawa ne."

Na ce, "To wawan ya zo. Kada ki tafi."

Ta rufe baki da bayan hannu, mai ya ɗiga a zani. Sannan ta gyara fuska ta ce, "Mota na zuwa gobe, kuma zan shiga. Ni ba a bakin titi aka tsince ni ba. Gidanmu na da ƙofa. In kana da hannu, ka zo ka ƙwanƙwasa."

Haka aka yi, ta tafi ranar ashirin. Ranar ashirin da uku muka bi ta, ni da Nathan da babanki da Bulus, da goro da abin sha yadda al'adarsu ta ce. Ƙauyensu na wajen Udi, can jihar Enugu. Aka zaunar da mu a tsakar gida, dattawa sun kai goma, Chibuike na yi mana tafinta. Babanki ya ɗauki goro zai sa albarka, suka ce a'a, nan garin goro ba ya jin Hausa, sai da harshen Ibo ake sa masa albarka. Bulus ya ce ikon Allah, mu da muke cinsa dare da rana!

Sai babbansu ya dube ni ya ce, "Wa ka zo nema a gidan nan?"

Na ce, "Mama Chibuike."

Ya ce, "Mama Chibuike huɗu ne a garin nan, biyu da mazansu. Wacce? Faɗi sunanta."

Hephzibah, ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Shekara goma sha ɗaya ina cin ƙosan matar nan, na tsallaka Binuwai don ita, ban san sunan da ubanta ya raɗa mata ba. Na kalli Chibuike, ɗan banza ya naɗe hannu yana kallon rufin ɗaki, kumatunsa na rawa. Nathan ya sunkuyar da kai. Dattijon ya ce wanda bai san abin da ya zo nema ba, ya sha ruwa ya koma.

Sai na ji takardar nan a aljihu. Na miƙe na ce, suna ban sani ba, amma ku saurara. Na ce wadda nake nema tana share ƙofar maƙwabci kafin tata. Chibuike ya juya musu. Na ce da hagu take buga ƙullu, haɓarta na bin muciya. Sai na ga tsofaffin mata a bakin madafa sun fara taɓa juna. Na ce in ta yi dariya da bayan hannu take rufe baki, ko me ke hannun. Ban kai ga tabon ƙunar ba gidan ya ɗauka gaba ɗaya: "Obiageli! Obiageli!" Har da kunnena na dama sai da ya ji, na rantse. Wata tsohuwa, ashe yayar uwarta ce, ta taso tana rawa ta ce tun tana 'yar shekara biyar haka take dariya.

Suka fito da ita. Zanin nan mai ganyen rogo ta ɗaura.

Saboda haka ki koma wurin malamarku ki ce kin kai mata ƙarshen da ba shi ba. Ki ce mata abin da dattijo ya koya wa Mai Gashin Baki ya yi aiki a ƙauyen da ba a taɓa jin sunansa ba, an ware mace ɗaya cikin huɗu ba tare da suna ba. Na ji tausayinsa da kika ce shi kaɗai ya ƙare. Da yana da rai da na aika masa katin biki, ya zo ya ga irin ƙarshen da bai cika rubutawa ba.

An sa rana Asabar ta bayan Ista, a cocinmu nan Makera. Ki nemi izini tun yanzu, kuma Celina ta ce ke za ki zaɓo atamfar anko a can. Ki duba ta da kyau, ki ja da baya kaɗan, amma kada ki tsallaka titi.

Obiageli ta dawo makon jiya, ta sauka wurin matar Fasto har zuwa biki. Ta ce suya ba ta bari, Chibuike ya haƙura. Benci ya fito daga inda aka ɓoye shi, ashe bayan ƙofarta yake, bai ga kafinta ba. Ni da Bulus mun kafa fallen kwano a gefen murhu, hayaƙi yanzu sama yake bi. Da ta gani ta ce shekara goma sha ɗaya, ashe aikin minti ashirin ne.

Obiageli na gaishe ki, ta ce ƙonannen ƙosanki na nan. In kin juya takardar nan za ki ga sunan sau uku a baya. Gwaji na yi kafin hannuna ya saba.

Naki Kawu,
Ishaya